Kafin alƙali ya busa usur

A unguwarmu nan Garwa akwai wata ƙungiyar ƙwallo ta samari wadda duk dukiyarta ba ta wuce riguna goma sha shida, ƙwallo biyu da wani littafi mai baƙin bango da ake rubuta kuɗin wata a ciki ba. Da wa'adin shugabanta ya cika, sai wani ɗan kawuna ya ce zai tsaya. Yara na bayansa, don shi ke biyan kuɗin babur duk ranar da za a je wasa wata unguwa. Ranar zaɓe aka shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiya bayan la'asar. Kafin a ce kowa ya ɗaga hannu, magatakarda ya buɗe littafin nan, ya lashi yatsa, ya juya shafi, ya ce ai wane bai biya kuɗin watan azumi ba, kuma dokar ƙungiya ta ce mai bashi ba ya tsayawa. Rabin mutanen da ke kan tabarmar ana bin su wata uku uku, har da shi mai riƙe da littafin. Shugaba ya zarce babu hamayya, aka shafa fatiha, aka watse.

Da daddare yaron ya zo wurin Baffa yana huci. Baffa ya rage muryar rediyo, ya dube shi, ya ce: "Ɗana, ai ba kayar da kai aka yi ba, hana ka shiga fili aka yi. Kar ka ga laifin yaran nan, daga manya suka gani."

Maganar Baffa ce ta dawo mini a watan Yulin 2025, ranar da hukumar zaɓe ta Elecam ta fitar da sunayen masu takarar shugabancin Kamaru, babu sunan Maurice Kamto, mutumin da ya zo na biyu a 2018. Yadda aka yi shi ma da littafi ne. Jam'iyyarsa ta MRC ta ƙaurace wa zaɓen 'yan majalisa da na ƙananan hukumomi a 2020, saboda haka ba ta da zaɓaɓɓe ko ɗaya, dokar zaɓe kuwa ta ce jam'iyyar da ba ta da wakili a majalisa ko a ƙaramar hukuma ba ta tsayar da ɗan takarar shugaban ƙasa. Da an yi zaɓen majalisa a farkon 2025 yadda aka tsara, da ta sami damar gyara kuskurenta, sai aka ɗage shi zuwa 2026. Hanyar ɗan takara mai zaman kansa kuma tana buƙatar sa hannun manyan mutane 300, talatin daga kowace jiha, irin su 'yan majalisa da kansiloli da manyan sarakuna, waɗanda kusan duka kowa ya san inda suke cin abinci. Kamto ya shiga rigar wata ƙaramar jam'iyya, MANIDEM, sai ga wani ya ɓullo shi ma da takarda da sunan jam'iyyar. Aka ce jam'iyya ɗaya ba ta tsayar da mutum biyu. Kotun tsarin mulki ta tabbatar da haka a watan Agusta. Ko ƙuri'a ɗaya ba a jefa ba, an gama da shi.

Kowane mataki a nan yana da ayar doka da za a nuna maka. Abin da ya sa dabarar ta yi ƙarko ke nan, kuma abin da ya sa gardama a kanta ba ta ƙarewa a teburin mai shayi. Mai kare gwamnati zai ce wa ya aiki Kamto ya ƙaurace wa zaɓen 2020, kuma yana da gaskiya. Mai suka zai ce wa ya ɗage zaɓen majalisa, kuma wa ke naɗa 'yan Elecam da alƙalan kotun tsarin mulki, shi ma yana da gaskiya, don shugaban ƙasa ne ke naɗa su, shi ne kuma ɗan takara.

Mu 'yan Garwa bai kamata wannan ya zo mana a baƙon abu ba, domin kusan kowace irin hanyar ture mutum daga kujera an gwada ta a kan ɗan garin nan, wasu kuma 'yan garin nan ne suka ƙirƙiro su. Mu ɗauki Isa Hayatu, ɗan lamiɗon Garwa, wanda ya riƙe hukumar ƙwallon Afirka, CAF, daga 1988 har 2017. Mutumin ya yi aiki, ba mai ƙwace masa wannan: a zamaninsa gurbin Afirka a gasar cin kofin duniya ya tashi daga biyu zuwa biyar, a zamaninsa aka buga gasar a Afirka ta Kudu a 2010. Amma a 2012, da aka ga Jacques Anouma na Kwaddebuwa yana shirin karawa da shi, sai babban taron CAF da aka yi a tsibirin Seychelles ya sauya doka: daga yau sai ɗan kwamitin zartarwa mai ƙuri'a ne zai nemi shugabanci. Anouma yana zama a kwamitin ne ta dalilin kujerarsa ta FIFA, ba shi da ƙuri'a. Kai ka ce tela ne ya auna shi ya ɗinka dokar. Ya kai ƙara kotun wasanni ta Lozan a Suwizalan, bai yi nasara ba, Hayatu ya zarce a 2013 babu abokin karawa. A 2015 kuma, da shekarunsa suka doshi saba'in, aka soke ƙa'idar da ta hana wanda ya haura saba'in tsayawa. Wanda ya tuna yadda aka cire iyakar wa'adin shugaban ƙasa daga kundin tsarin mulkin Kamaru a 2008 zai ga cewa almakashin ɗaya ne.

Sai dai labarin Hayatu ya ƙare ta inda na 'yan siyasarmu ba ya ƙarewa. A watan Maris na 2017 a Addis Ababa, Ahmad Ahmad na Madagaska, mutumin da da yawanmu ba mu taɓa jin sunansa ba, ya kayar da shi da ƙuri'a 34 da 20. Masu saurin murna sun ce dimokuraɗiyya ta yi halinta. Ni ban tafi da nisa haka ba. Shekara guda kafin nan CAF ta Hayatu ta mara wa Sheikh Salman na Bahrain baya a zaɓen FIFA, Gianni Infantino ya ci, kuma kuɗin da hukumomin ƙwallon ƙasashenmu ke rayuwa da shi daga FIFA yake zuwa. Masu ƙuri'a hamsin da huɗu sun duba inda rana ke fitowa, suka juya. An ture Hayatu ne saboda akwai wata rijiya da ba shi ke riƙe da gugarta ba. Shi Ahmad ɗin ma bai kai ga wa'adi na biyu ba, FIFA ta dakatar da shi a ƙarshen 2020, aka zauna a Rabat aka daidaita, 'yan takara uku suka janye wa Patrice Motsepe na Afirka ta Kudu. Cikin ukun da suka janye har da Anouma. Bawan Allah, sau biyu yana ɗaura ɗamara, bai taɓa ganin akwatin zaɓe ba.

Hanya ta biyu ta fi ta littafi ciwo, ita ce ta kurkuku. A watan Yunin 2013 aka kama Iya Muhammad, shugaban kamfanin auduga na Sodecoton kuma shugaban hukumar ƙwallon Kamaru, Fecafoot, tun 1998, mutumin da sunansa ba ya rabuwa da na Coton Sport. Duk wanda ya shiga filin Rumde Ajiya a 2008 ranar da Coton ta kara da Al Ahly ta Masar a wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka ya san abin da mutumin yake a garin nan. Kwanaki kaɗan ya rage a yi zaɓen Fecafoot aka kama shi, kuma wakilai suka sake zaɓensa yana tsare. FIFA ta dakatar da Kamaru na ɗan lokaci, aka naɗa kwamitin riƙo ƙarƙashin Joseph Owona, a 2015 kuma kotun musamman mai shari'ar dukiyar ƙasa ta yanke wa Iya shekara 15. Kafin shi an yi Marafa Hamidu Yaya, shi ma ɗan Garwa, tsohon sakataren fadar shugaban ƙasa, wanda ya riƙe ma'aikatar cikin gida daga 2002 zuwa 2011, wato ma'aikatar da zaɓen 2004 da na 2007 suka bi ta hannunta. An sauke shi a Disambar 2011, an kama shi a Afrilun 2012, an yanke masa shekara 25 a kan kuɗin sayen jirgin shugaban ƙasa, daga baya kotun ƙoli ta rage zuwa 20. Kafin su duka akwai Titus Edzoa, likitan shugaban ƙasa Paul Biya kuma na hannun damansa, wanda ya ajiye minista a 1997 ya ce zai nemi shugabanci, cikin 'yan watanni ya tsinci kansa a tsare, sai 2014 ya fito.

Ba ni da hurumin wanke kowa a cikinsu, kuma ban ga amfanin yin haka ba. Tambayar da ta fi ita ce ta lokaci. Mutum ya yi shekara goma ko ashirin yana aiki da hatimi ɗaya, a ofis ɗaya, da halinsa ɗaya, ba wanda ya ce uffan. Ranar da aka fara raɗe-raɗin yana hangen kujerar sama, ko kuma farin jininsa ya fara yawa, sai a buɗe kabad a ciro fayil. Tun 2006 da aka fara farautar da ake kira Épervier, wato shirwa, manya da yawa sun shiga gidan yarin Kondengi, har ana raha a Yawunde cewa za a iya kafa cikakkiyar gwamnati a ciki, da firaminista da komai. Tsarin da ya bar kowa ya ci, ya kuma ajiye rasit ɗin kowa, ba ya buƙatar ƙirƙirar laifi. Laifin yana nan a ajiye kamar kuɗin watan azumi a littafin magatakarda, ana bin kowa, amma shafin mutum ɗaya za a buɗe.

Akwai kuma hanya ta uku mai laushi, wadda a ganina ita ta fi cin arewa: a kira ka a ba ka kujera. A zaɓen 'yan majalisa na Maris 1992, jam'iyyar UNDP ta Bello Buba Maigari ta ci kujeru 68 cikin 180, jam'iyya mai mulki ta RDPC ta sami 88, ba ta kai rinjaye ba. Kujeru shida na MDR ta Dakole Daisala, ɗan Arewa Mai Nisa, su suka cike mata giɓin, shi kuma ya zama babban minista. A ƙarshen shekarar aka ɗauko jiga-jigan UNDP biyu, Hamadu Mustafa da Isa Tchiroma Bakary, aka ba su minista ba da yawun jam'iyyarsu ba, rikicin da ya kai ga korarsu a 1995. A 1997 shi kansa Bello Buba ya shiga gwamnati, ya zauna fiye da shekara ashirin da biyar. Jam'iyyar da ta taɓa riƙe kujeru 68 ta koma ana ƙirga nata da yatsun hannu. Ba a kama kowa ba, ba a soke takardar kowa ba. Kuma kada a manta, shi Bello Buba ma ture Samuel Eboua ya yi daga shugabancin UNDP a babban taron da aka yi nan Garwa a farkon 1992. Zaɓen shugaban ƙasa a Kamaru zagaye ɗaya ne, don haka raba 'yan adawa gida biyu ya wadatar: a Oktoban 1992 Biya ya tashi da kusan kashi 40, John Fru Ndi 36, Bello Buba 19.

Idan ka tsallaka gadar Ngeli daga Kusiri ka shiga Injamena, babban birnin Cadi, za ka tarar da hanyoyin nan duka, sai dai a can ana haɗawa da bindiga. Ibni Umar Mahamat Saleh, jagoran 'yan adawa, sojoji suka ɗauke shi daga gidansa a Fabrairun 2008, har yau ba a gan shi ba. Yaya Dillo, wanda dangin shugaban ƙasa Mahamat Déby ne na jini, an kashe mahaifiyarsa a samamen da aka kai gidansa a 2021, shi kuma aka kashe shi a hedikwatar jam'iyyarsa a ƙarshen Fabrairun 2024, 'yan makonni kafin zaɓen 6 ga Mayu. Kotun tsarin mulki ta soke takardun 'yan takara goma. Succès Masra kuwa shi kaɗai ya ɗanɗana kowane mataki cikin shekara uku: gudun hijira bayan zanga-zangar 20 ga Oktoban 2022, dawowa bisa yarjejeniyar Kinshasa, kujerar firaminista a Janairun 2024, takara da Mahamat Déby wanda aka ba kashi 61, kamu a Mayun 2025, ɗaurin shekara 20 a Agusta. Ƙwallon Cadi ma bai tsira ba. A Maris 2021 ma'aikatar wasanni ta karɓe ikon hukumar ƙwallon ƙasar, CAF ta cire Cadi daga wasannin share fagen kofin Afirka, FIFA ta dakatar da ita. Manya suka yi faɗan kujera, 'yan wasan Sao, wato ƙungiyar ƙasar, da ba su san hawa ba ba su san sauka ba suka zauna a gida.

Bambanci ɗaya na gani tsakanin fagen ƙwallo da na siyasa, kuma ɗan Garwa ne ya nuna mana shi. Abdurrahman Hamadu, shugaban Étoile Filante, ya shafe shekaru yana jigilar takardu zuwa kotun Lozan, kuma ta hanyar irin waɗannan ƙararraki aka rushe zaɓen Tombi A Roko na shugabancin Fecafoot a 2015, aka kawo kwamitin riƙo na biyu a 2017, aka kuma rushe zaɓen Seidou Mbombo Njoya na 2018. Shugaban ƙaramar ƙungiya daga arewa ya tumɓuke shugabannin hukumar ƙasa har sau biyu, saboda alƙalin yana zaune a inda wayar Yawunde ba ta sa shi rawar jiki. Ɗan siyasa ba shi da irin wannan kotu. Amma ko a ƙwallon, riba kaɗan aka ci. Shekara takwas hukumar tana yawo tsakanin kotu da kwamitin riƙo, gasar cikin gida tana tangal-tangal, 'yan wasa suna bin albashi. Da Samuel Eto'o ya ci a Disambar 2021 da ƙuri'a 43 da 31, matasa sun yi ta hawan babur suna hon a titunan Garwa. Ku lura da adadin: mutum saba'in da huɗu ne suka yanke wa ƙasa mai mutum kusan miliyan talatin hukunci a kan ƙwallonta. Wanda ya iya tsara waɗanda za su zama wakilai tun daga jihohi ya gama zaɓe kafin ranar zaɓe. Abin da ya biyo baya kowa ya gani: an sallami André Onana daga sansani a Katar a 2022, ma'aikatar wasanni ta naɗa Marc Brys koci a 2024 ba da son Eto'o ba, aka yi ta sa-in-sa a gaban kyamara har ƙasa ta wayi gari da tawagar masu horarwa biyu, a ƙarshen 2025 kuma Eto'o ya zarce shi kaɗai a fage, ya sallami Brys.

To me ya sa kowa, babba da ƙarami, da ya hau sai ya fara toshe ƙofar da ya shigo ta ciki? Ana yawan cewa kwaɗayi ne, giyar mulki ce. Akwai wannan. A ƙasar da kwangila da aikin ɗanka da filin gininka da kujerar hajjin surukarka duk daga kujera suke fitowa, sauka daga kujera tamkar a ƙwace maka gona ne ana tsakiyar damina, kuma ba kai kaɗai ba, da duk zugar da ke ci a ƙarƙashinka. Amma a ganina tsoro ya fi kwaɗayi ƙarfi a nan, kuma tsoron yana da asali, ranarsa ma a rubuce take.

Ranar 4 ga Nuwamban 1982 Ahmadu Ahidjo, shugaban Kamaru na farko kuma ɗan Garwa, ya yi abin da shugabannin Afirka kaɗan suka taɓa yi, ya sauka da ƙafarsa, ya miƙa wa firaministansa Paul Biya. Ya riƙe shugabancin jam'iyya mai mulki ta UNC, yana ganin zai ci gaba da jan linzami daga baya. Ba a shekara ba aka ɓata. A Yulin 1983 ya bar ƙasar, a Agusta aka sauke Bello Buba daga firaminista, aka kuma raba tsohuwar jihar Arewa gida uku, Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, Garwa ta daina zama uwar arewa baki ɗaya. A Fabrairun 1984 kotun soja ta yanke wa Ahidjo hukuncin kisa a bayan idonsa, aka sassauta zuwa ɗaurin rai da rai. Sai yunƙurin juyin mulkin 6 ga Afrilu, da abin da ya biyo baya na kame da harbe 'yan arewa, wanda har yau akwai gidajen da ba a tayar da zancensa a gaban tsofaffi. Baffa yana cikin waɗanda idan aka zo nan sai ya miƙe ya ce bari ya yi alwala. Shi ma Ahidjo, a ce gaskiya, ba da furanni ya yi mulki ba: a zamaninsa aka haɗe jam'iyyu zuwa ɗaya a 1966, a zamaninsa aka harbe Ernest Ouandié a bainar jama'a a Bafusam a 1971. Ya gina gida mara ƙofar fita, ya zama mutum na farko da ya nemi fita daga cikinsa.

Duk wanda ya riƙe wani abu a ƙasar nan tun daga lokacin, daga fadar shugaban ƙasa ta Etudi har zuwa ƙaramar hukuma, ya ga yadda aka yi da mutumin da ya sauka don kansa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, ruwan kuwa a nan shi ne kada ka bari wani mai ƙarfi ya tsaya kusa da kai. Hayatu ya sha kaye, ya tattara takardunsa ya dawo gida, CAF ta naɗa shi shugaban girmamawa a 2021, da ya rasu a Paris a Agustan 2024 aka kawo shi Garwa aka binne shi cikin danginsa. Ahidjo ya rasu a Dakar ranar 30 ga Nuwamban 1989, yana kwance a maƙabartar Yoff, matarsa Germaine ta yi shekara talatin tana neman a mayar da shi gida har ita ma ta rasu a 2021 aka binne ta a can.

Isa Tchiroma ya yi shekara shida a tsare bayan 1984, ya fito ya yi adawa, ya shiga gwamnati, ya yi kusan shekara goma yana ministan sadarwa yana kare duk abin da aka yi wa wasu. A Yunin 2025 ya ajiye aiki ya tsaya takara. Takardunsa sun wuce, ƙila don an ɗauka shi da Bello Buba za su raba ƙuri'ar arewa kamar yadda aka saba. Lissafin bai fita haka ba. Bayan zaɓen 12 ga Oktoba ya ce shi ya ci, samari suka kewaye gidansa a unguwar Marware ta nan Garwa suna kwana a titi, kotun tsarin mulki ta ba Biya kashi 53.66, shi 35.19. Aka yi zanga-zanga, aka rasa rayuka, aka kama mutane, Anicet Ekane shugaban MANIDEM ya rasu a tsare. A Nuwamba gwamnatin Gambiya ta sanar cewa Tchiroma yana ƙasarta. Daga Banjul zuwa Dakar, in jirgin ruwan tsallakawa bai ɓata lokaci ba, tafiyar yini guda ce a mota.